Layukan Baban Luba

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

Na dawo gida in yi wanka in ɗauko wa maigidana kaya. Mma Alima, mahaifiyarsa, ta karɓe ni a asibiti, ta ce in je in kwanta, idona ya yi ja. Ban kwanta ba. Silifas ɗinsa na nan ƙofar bayi, ƙafa ɗaya a kife, yadda ya bar shi ranar Asabar da ya faɗi. Na tsallake na shiga, na tsallake na fito.

Luba ta tambaye ni ina Babanta. Na ce ya je ganin likita. Ta ce, “Tun shekaranjiya?” Na zuba mata koko.

Sunan da likita ya kira abin, ba zan rubuta shi a nan ba.

Litinin, bayan Azahar

Alhaji Ziblim ya kira, shugaban ofishin kaya na tashar motarsu a unguwar Tudu. Ya yi jaje, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya yi gyaran murya.

“Amariya, ka yi haƙuri, na san ba lokaci ba ne. Amma saƙo bai fita ba yau. Mutanen Tamale suna kira na kamar ni na ɓoye kayansu.”

Duk shekarun da na yi a Nima, unguwarmu nan Ghana, ban saba a ce mini “ka” ba. A Maraɗi, garinmu, da dariya zan yi.

Aikin Baban Luba ke nan. Duk wanda ya aika kaya daga Tudu zuwa arewa, in motar ta isa, mai karɓa yana samun saƙo a waya da lambar da zai nuna a ba shi kayansa. Shi ya haɗa abin da hannunsa, kuma daga kwamfutarsa yake turawa kullum da safe, yana shan shayi, ni ina shirin tafiya rumfar atamfata a kasuwar Makola. Ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba.

Na ce wa Alhaji zan duba. Ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Talata, 7 ga Mayu, bayan Asuba

Na buɗe kwamfutar. Mabuɗinta sunan Luba ne, wannan na sani. Akwai baƙar tagar nan da yake aiki a ciki, babu hoto, babu komai, sai alamu uku kamar bakin tsuntsu suna jira.

Na tuna wata rana da na ce masa yaya yake haddace duk wannan rubutu. Ya yi dariya ya ce shi bai haddace komai ba, kibiyar sama ce ke yi masa aiki, in ya danna ta sai abin da ya rubuta jiya ya dawo.

Na danna. Layi ya fito: tura(kaya, "Bawku"). Hannunsa ne. Ya rubuta shi ranar Asabar da safe, ina ɗaki ina ɗaura wa Luba ɗankwali. Na daɗe ina kallonsa kafin na danna babban maɓallin.

Sai rubutu ya zubo da Turanci, dogo, ban gane ko kalma ba. Na rufe murfin kwamfutar da sauri kamar na fasa wani abu.

Talata, da yamma

Ya buɗe ido. Ya dube ni, ya san ni, na rantse ya san ni. Hannun dama dai shiru.

Laraba, 8 ga Mayu, da safe

Na samu lambar Latifatu a wayarsa. Tare suka yi karatu, yanzu tana aiki a Kumasi. Da na gaya mata sai ta ce, “Ei, Mutawakilu?” har sau biyu. Sunansa ke nan, wanda ni ba na kira.

Ta sa na nuna mata allon ta kyamarar waya. Ta ce wannan Python ne, kuma abin da yake dawowa in na danna kibiya shi ne tarihin umarnin da aka taɓa ba shi.

“Sista, bai lalace ba. Ka fara daga ƙarshe ne. Yana cewa bai san sunan tura ba, don ba a gabatar masa ba tukuna. Hau sama kaɗan kaɗan, sai ka ga wanda ya fara da from.”

Na hau. Na same shi. Ta ce in danna, in sake hawa in nemo na bayansa, haka har in kai na garuruwa. Tamale, Yendi, Bolga, Bawku. Kowanne na danna sai ya tsaya kaɗan, sannan ya ce an tura.

Alhaji ya kira kafin in gama wanke kofuna. “Allah ya yi maka albarka, Amariya. Ashe gidan duka malamai ne.”

Na yi kuka a kan baho, ban san na mene ne ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan an sauko

Ya yi magana. Ya ce “ruwa.” Na kawo ya kau da kai. Ya sake cewa “ruwa,” yana nuna taga. Na buɗe taga, ba ita ba. Mma ta gyara masa matashi, ba shi ba. Ya rufe ido, hawaye ya bi ta gefen kunnensa. Har na baro asibitin ba mu san abin da yake so ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da safe

Saƙo ya fita.

Litinin, 13 ga Mayu, da hantsi

Na fara sabawa. In idar da salla, in kunna, in hau da kibiya, in danna. Wani lokaci ina wuce layin sai in sauko. Wani lokaci ina danna wanda ba shi ba, ya yi mini faɗa da Turancinsa, in sake daga farko. Yau sau uku na sake. Latifatu ta ce in na gama in rubuta exit in fita da kyau kafin a ɗauke wuta, dumso ɗin nan na Ghana, don in ta mutu haka kawai ba ya ajiye abin da aka yi ranar. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa. Shi ya sa nake fita da kyau kullum, kamar mai rufe ƙofar ɗakin wani.

Rumfa tana hannun maƙwabciyata. Ban leƙa Makola ba tun ranar.

Laraba, 15 ga Mayu, da la'asar

Ruwa tun safe. Babban kwalbatin Nima ya cika ya fara amai, na ɗauki Luba a baya har gida.

Akwai abubuwa a cikin tarihin nan da ba na aiki ba. In na hau sama sosai ina ganin inda ya yi lissafin girman katakon gadon Luba, da inda ya rubuta abu ba daidai ba ya gyara a layin bayansa, ya sake kuskure, ya sake gyarawa. A wani wuri ya rubuta “kai jama'a” kawai. Na ji muryarsa sarai.

Yau na rubuta sunansa a wurin, cikakke, na danna. Ya ba ni amsar nan da Latifatu ta fassara mini, wai bai san wannan sunan ba. Na rubuta “ka tashi.” Ya ce kuskure. Na rubuta wasu abubuwan da ba zan maimaita ba. Ba mai gani. Ya fi mini sauƙi a kan in faɗa wa Mma, ita ma da kyar take tsaye.

Juma'a, 17 ga Mayu, da yamma

An sallame shi. Mma ta ce gidanta na unguwar Maamobi za a kai shi, can babu matakala kuma akwai maza da za su ɗaga shi. Ba a tambaye ni ba. Gaskiyarta ce, amma ba a tambaye ni ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Luba ta ƙi shiga ɗakin. Ta tsaya bakin labule ta ce bakin Baba ya karkace.

Talata, 21 ga Mayu, da hantsi

Alhaji ya kira. Babbar motar Nijar ta isa Yamai jiya, wadda ke tafiya sau ɗaya a wata. Goro ne ya fi yawa a ciki, sai buhunan citta da kayan mutane. Ya ce in tura na Nijar.

Na ce to. Na gwada tura(kaya, "Yamai") da hannuna, ya ƙi. Na kira Latifatu. Ta duba ta ce lambobin Nijar ba ta hanya ɗaya suke bi da na Ghana ba, wani kamfani ne daban, kuma akwai layin da yake shigar da mabuɗin kamfanin kafin ya tura. Ta ce in danna wasu maɓallai biyu tare in rubuta “nijar,” zai nemo mini da kansa. Bai nemo komai ba. Na gwada “niger,” na gwada “yamai.” Layina na ɗazu kawai ya dawo mini da shi.

Ta ce to in hau da kibiya har sai na gan shi, yana can wajen watan jiya.

Na ɗora yatsa na riƙe. Layukana suka wuce, masu kyau da marasa kyau, da waɗancan maganganun. Nasa suka fara wucewa. Gadon Luba ya wuce. Sai kibiyar ta tsaya. Na danna, na danna, ba ta motsa ba. Layin da ta tsaya a kai tura(kaya, "Bolga") ne, tsakiyar aikin wata safiya, babu farkonsa.

Latifatu ta sa na buɗe wani fayil na karanta mata. Ta ja numfashi.

“Ya sa masa iyaka. Layi ɗari biyar kawai yake riƙewa. Duk ranar da ka fita, yana yanke na can sama ya zubar, don sababbi su samu wuri.”

Na ce, “Sababbi wane iri?”

“Duk abin da aka danna. Ko tsohon layi ne ka dawo da shi, in ka danna ya zama sabo.”

Na ce me ya sa ba ta gaya mini tun ranar farko ba. Na ɗaga mata murya, matar da ba ta ci mini komai ba. Ta ce wallahi ba ta san ya sa iyaka ba, ita nata ba ta sa masa. Ta ce da ta sani da ta sa na kwafe shi tun ranar.

Ta sa na kwafi abin da ya rage a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta sa na cire iyakar.

Talata, bayan Magariba

Na tambaye ta ko da ban rubuta shirme a ciki ba da layin yana nan. Ban gaya mata irin shirmen ba. Ta ce ba wanda zai iya sani, wataƙila ya fita tun satin farko, wataƙila jiya. Ta ce aikin safe kaɗai ya isa ya cinye shi.

Wataƙila jiya.

Laraba, 22 ga Mayu, da la'asar

Latifatu ta shiga kwamfutar daga can Kumasi ta bincika ko'ina. Mabuɗin ba ya cikin kowane fayil. Da hannu yake rubuta shi a layin nan, kibiya ta riƙe masa. Ta kira kamfanin. Sun ce sabon mabuɗi sai mai asusun ya yi magana da kansa ya amsa tambayoyi, ko a kawo takardar kotu. Ta ce musu ba ya iya magana. Suka ce suna ba da haƙuri.

Ta fitar mana da lambobin mutanen Nijar, na kai a buga a takarda, na hau trotro, motar haya, na kai Tudu. Alhaji ya raba wa ma'aikatansa su kira ɗaya bayan ɗaya. Rabin lambobin ba sa shiga. Waɗanda suka ɗauka wasu Zabarmanci suke yi, wasu sun ɗauka 'yan damfara ne sun kashe. Na zauna a kan buhu na taya su da masu jin Hausa har muryata ta dushe.

Alhamis, 23 ga Mayu, da safe

Kawu Lauwali ya kira daga Maraɗi. Goronsa na cikin motar, yaronsa na Yamai yana jira, an hana shi don ba lamba. Ya ce, “Sa'adiyya, zafin da ake yi nan kin san shi. Goro ba ya jiran kowa. Mijin naki lafiya kuwa?”

Ban gaya wa gida ba har yanzu. Na karanta masa lambarsa daga takarda na ce sabis ne ba kyau.

Alhamis, bayan La'asar

Na yi abin da bai kamata ba. Na ɗauki kwamfutar na kai Maamobi.

Yana zaune jingine da bango, an yi masa aski. Da ya ga jakar idonsa ya yi haske, ya miƙo hannun hagu. Na jona wuta na ɗora masa a cinya. Na ce, “Baban Luba, na Nijar. Mabuɗin na Nijar nake nema.” Ya gyaɗa kai da ƙarfi. Ya gane. Wallahi ya gane.

Ya ɗora yatsa a kibiyar sama, ya hau, ya hau, har ta tsaya. Ya dube ni. Na ce layin ya fita, tarihin ya cika. Ya sake gyaɗa kai a hankali. Sai ya fara rubutawa da yatsa ɗaya. Harafi, ya tsaya. Wani harafi. Ya goge. Ya rubuta n sau huɗu a jere, ya tsaya yana kallonsu kamar wani ne ya sa su. Gumi ya keto masa. Na ce ya bari, ya ture hannuna. Ya sake gwadawa, abin da ya fito ba kalma ba ce a kowane yare.

Sai ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya hankaɗe kwamfutar ta faɗa kan katifa.

Mma ta shigo da gudu da ludayi a hannu. Ta dube shi, ta dube ni.

“Amariya, ɗana kake so ko aikin tasha? Fita da wannan abu daga ɗakina.”

Na fita. Na tsaya a lungu wajen mai tuyar ƙosai ina rungume da jakar. Ina jin Mma tana lallashinsa da Dagbanci kamar jariri.

Asabar, 25 ga Mayu

Ban je ba. Na aika tuwo da miyar ayoyo, lalon nan garin. An dawo da kwanon a wanke, ba saƙo.

Litinin, 27 ga Mayu, da hantsi

Na Ghana ya fita. Na Nijar har yanzu da baki ake bi. Alhaji ya ce goro da yawa ya bushe, wasu huhunan sun yi baƙi, masu shi sun ce ba za su ƙara ba tasharsu kaya ba. Bai ce laifin kowa ba ne. Da ya faɗa da ya fi mini.

Laraba, 29 ga Mayu, bayan Azahar

Alhaji ya zo gida da kansa, da ledar lemu. Ya ƙi shiga, ya zauna a benci a tsakar gida yana juya hularsa a gwiwa.

“Kwamiti ya zauna. Akwai wasu yara a unguwar Kotobabi, suna da kamfani, za su karɓa daga ranar ɗaya ga wata. Ni na ce a jira Mutawakilu. Sun ce a jira har yaushe. Amariya, ban da amsa.”

Ya ce in Allah ya ba shi lafiya ƙofa a buɗe take. Na ce na gode. Na ba shi ruwa ya sha. Ya roƙi in tura wa yaran sunayen abokan ciniki, na ce Latifatu za ta yi.

Shekara shida yana gina abin nan. Na riƙe masa shi sati uku.

Alhamis, 30 ga Mayu, da yamma

Na kira Inna a Maraɗi na gaya mata komai. Ta ce me ya sa na yi shiru. Ta ce za ta zo. Na ce hanya ba kyau. Ta ce za ta zo.

Juma'a, 31 ga Mayu, da safe

Na tura na ƙarshe. Tamale, Yendi, Bolga, Bawku. Na fita da kyau.

Juma'a, bayan La'asar

Na je Maamobi. Mma ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba, amma ta matsa ta ba ni hanya, ta ja Luba suka tafi sayen gawayi.

Matar da ke koya masa magana tana nan tana haɗa jakarta. Ta ce yana ƙoƙari, yau ya kira kofi da sunansa, ya kira ƙofa. Ta ce manyan kalmomi ne ke fara dawowa, ƙananan da ke haɗa magana su ne ke ɓacewa, sai a hankali. Ta ce in ya fara magana kada in ƙarasa masa, in jira ko zai kai yaushe.

Da ta tafi na zauna a bakin katifa. Na gaya masa duka. Goro, kwamiti, yaran Kotobabi. Na gaya masa ban san akwai iyaka ba, kuma na yi ta rubuta maganganuna a ciki ranakun da ba ni da wanda zan gaya wa. Yana kallon bango har na gama.

Bakinsa ya fara motsi. Na riƙe nawa. Masallacin bayan gida ya kunna lasifika ana gwaji, aka kashe. Jijiyar wuyansa ta tashi.

Ya ce, “Laifi.”

Na jira. “Ba laifi” yake nufi, ƙaramar kalmar ta faɗi a hanya? Ko “laifina” yake son cewa, shi da ya sa iyakar? Ko “laifinki”? Na duba fuskarsa, rabinta ba ta faɗin komai, ɗaya rabin ya gaji. Na jira kamar yadda aka ce in jira. Bai ƙara ba.

Na miƙe zan ɗora masa ruwan wanka, sai na ji zanena ya riƙe. Hannunsa na hagu ne, ya damƙe gefen da ƙarfi. Na koma na zauna. Har Mma ta dawo da gawayin bai saki ba, ni kuma ban tambaye shi ba.